Ɗan Alhaji da 'yar talaka: wanne za ki saya, kuma ta ina?

Ƙanwata ce ta dame ni nan Garwa ta Kamaru wai sai na zaɓa mata littafin soyayya irin wanda ɗan mai kuɗi ke mutuwa a kan 'yar talaka, 'yan sefar da ta tara ba yawa kuma ba ta son asara. To ga abin da na gaya mata, wataƙila ya yi wa wata amfani.

Na takarda dai daga Kano suke fitowa, tun shekarun 1980 ake buga su, shi ne ake ce wa adabin kasuwar Kano, mu kuma sai 'yan kasuwa sun biyo da su ta Yola ko Mubi. Daɗinsu ko an ɗauke wuta kina karatunki, ki gama ki ba maƙwabciya aro, sannan da yake Kano na da hukumar tace fina-finai da littattafai tun 2001, yawanci ba ki cin karo da batsa. Amma fa ki kula, labari ɗaya ake rabawa na 1, na 2, na 3, in mai shago ya ce miki na 3 yana hanya to ki riƙe kuɗinki. Ni na taɓa jira har damina ta wuce, har yau ban san ko Hajiya ta yarda da auren ba.

Na waya su suka fi yawa yanzu, Wattpad kyauta ne, na WhatsApp da Telegram kuwa sai a lasa miki zuma a baki da shafukan farko, daidai inda uwar yaro ta ce sai dai bayan ranta sai a ce biya. Matsalarmu a nan da naira ake biya ta bankin Najeriya, mu kuma Orange Money da MoMo ne a hannunmu, dole ki nemi ɗan canji ya tura miki shi ma ya ci nasa. Kafin ki biya ki tambaya an kammala rubutawa ko ana kai, don marubuciya tana iya yin aure ko haihuwa ta bar ku a tsakiyar ruwa. Ki kuma duba yawan Turancin ciki, wasu da zarar ɗan mai kuɗin ya buɗe baki sai Turanci zalla wai alamar gayu ce, mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci sai mu yi ta zare ido.

Wadda karatun Hausar boko ke ba wahala akwai masu karantawa a YouTube, ki sa a kunne kina tuƙa tuwo, data kawai yake sha.

Na Faransanci ma suna nan. Harlequin na gwanjo arha ne amma attajirin ciki na Turai ne, ba lefe ba kishiya ba gori a gidan biki, ni ba ya taɓa min zuciya. Jerin littattafan soyayya na Adoras da aka fara bugawa a Abijan a 1998 sun fi kusa da mu. In kuma kina son na gida sosai, Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa ta fitar da Cœur du Sahel a 2022, kan yarinyar da ta zo aikatau Marwa daga ƙauye zuciyarta ta faɗa inda ba a yarda ba, ya fi sauran tsada amma ba ya yi miki ƙarya.

Ƙaryar nan ita ce babbar magana a wurina. Da yawa daga littattafan nan za a wahalar da yarinya shafi ɗari uku, mari, gori, wanke-wanke, a ce mata 'yar matsiyata, sai dab da ƙarshe a gano ashe 'yar wani hamshaƙi ce aka sace tana jaririya, nan take Hajiya ta rungume ta tana kuka. To me aka yi kenan? Ƙwarya ce ta bi ƙwarya, talaka bai ci komai ba. Wanda nake biya wa kuɗina shi ne wanda yarinyar ta tashi 'yar mai ƙosai ta ƙare 'yar mai ƙosai, a nuna min yadda ubanta ya yi da kayan ɗaki, yadda dangin miji suka leƙa gara suna taɓe baki, inda aka zaunar da uwarta ran suna. Kuma ku lura, ba kasafai ake juya abin ba, 'yar mai kuɗi ta auri ɗan moto, wato ɗan acaɓa, in kin samu irinsa ki saya ko don sauyin miya.

Ƙanwar tawa dai ba ta ji ba, na wanda aka sace tana jaririyar ta saya, wai ita wahalar gidansu ta ishe ta ba sai ta biya kuɗi ta karanta ta ba. Jiya na ga ta kai na 2, ta ce in ta gama za ta ba ni aro.