Abin da la'adar dillalin gidaje ta saya mini a Birnin Kebbi

A farkon watan Afrilu aka yi mini sauyin wurin aiki daga Yawuri zuwa Birnin Kebbi, aka kuma ba ni mako uku in kama aiki, alhali ba ni da ɗan uwa a garin da zan sauke iyalina a gidansa. Wani abokin aiki ne ya nuna mini wani ƙaramin ofishin dillalan gidaje, kuma aikin da suka yi mini ne nake so in auna a nan, domin mai neman haya ya san abin da zai tarar.

Samun gida mai kyau a garin nan ba abu ne mai sauƙi ba. Tun da Birnin Kebbi ya zama hedikwatar jiha a 1991 ma'aikata suke ta kwararowa, ga malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, wadda ma'aikatanta da dama suka gwammace su kwana a birni su riƙa zuwa Kalgo, inda jami'ar take, da safe. Saboda haka gida mai ɗaki biyu da falo, mai ruwa da katanga, ba ya daɗewa babu mutum a ciki.

Tsarin ofishin a bayyane yake. Na cike fom, na ba da hoton fasfo biyu, da kwafin katin shaidar ɗan ƙasa, da takardar wurin aiki, da sunan mutumin da zai tsaya mini. Sun tambayi yawan iyalina da abin da aljihuna zai iya ɗauka, sannan suka karɓi naira dubu 5 kuɗin gani, wanda ba a mayarwa ko mutum bai ɗauki gida ba. Wannan kuɗin bai kwanta mini a rai ba, domin ban ga hujjar karɓarsa daga wanda zai biya la'ada daga baya ba, ko da yake na yarda cewa man babur ma da kuɗi ake sayensa.

Inda suka burge ni shi ne wajen zagayawa. Dattijon da aka haɗa ni da shi ya ƙi mu fita da yamma, ya ce sai da tsakar rana. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi kan haura digiri 40, na ɗauka wahalar da ni kawai zai yi, sai da muka shiga gida na farko a Badariya na gane nufinsa: silin ɗin ɗakunan ya yi ƙasa ƙwarai, tagogin kuma ƙanana ne, kwano ya ɗauki rana har mutum ba ya iya tsayuwar minti biyar a ciki. Da da la'asar na gan shi, da na biya. A gida na biyu, wanda ya fi sauran arha, shi da kansa ya ja ni gindin katanga ya nuna mini layin da ruwan damina ya bari a jikin siminti, ya ce, "Malam, ka dubi nan da kyau. A Agusta babur ba ya shiga layin nan." Dillalin da la'adarsa ta rataya a kan in amince, amma ya nuna mini aibin hajarsa da yatsa, ya cancanci a faɗi alherinsa. A kowane gida kuma sai ya sa na murɗa famfo da hannuna, ya tambayi maƙwabta a gabana ko rijiyar burtsatse ce ke ba su ruwa ko kuwa 'yan ga-ruwa suke jira.

Gida na huɗu, a Gesse, shi na zaɓa. Na roƙi a jinkirta mini kwana biyu maiɗakina ta zo ta ga kicin da tsakar gida, tun da ita za ta fi kowa wuni a ciki, suka amince ba tare da sake karɓar kuɗin gani ba. Hayar shekara naira dubu 450 ce, a biya gaba ɗaya kamar yadda aka saba, la'ada kuma kashi 10 cikin 100. Sun haɗa ni da mai gidan ido da ido, kuɗin haya ya shiga asusunsa kai tsaye, aka ba ni rasit, aka sa hannu a yarjejeniya a gaban shaidu biyu. An rubuta ranar shiga da ranar ƙarewar haya, da wa'adin sanarwa kafin tashi, da wanda gyaran rufi da yashe masai ya rataya a wuyansa.

Sai dai akwai inda suka yi sakaci, kuma sakacin ya taɓa aljihuna. Ba su binciki mitar wuta ba. Da na sayi katin farko sai na ga wutar da aka ba ni ba ta kai kuɗin da na biya ba, da na bi sawu kuma aka shaida mini cewa wanda ya tashi ya bar bashi a kan mitar, ana cirewa kaɗan-kaɗan daga kowane saye. Wanda ya san ya duba gindin katanga bai kamata lambar mita ta shige masa ba. Na koma ofishin sau uku, kuma wayarsu da take shiga nan take kafin in biya ta fara yin wuyar samu. Daga bisani sun zaunar da ni da mai gidan, aka rubuta a bayan yarjejeniyar cewa za a cire bashin daga hayar baɗi, amma sai da aka shafe kusan wata guda.

Duk da haka, da wani zai tambaye ni, zan kai shi wurinsu, kuma zan ce ya nemi dattijon nan ya zagaya da shi. Zan dai gargaɗe shi kada ya saki la'ada sai ya kai lambar mita ofishin wuta an tabbatar masa babu bashi, kuma sai an gama duk gyaran da aka yi masa alkawari, domin fentin falona da aka ce za a yi kafin mu tare, sai da muka kwana goma sha biyu a gidan mai fenti ya zo.