Alhaki Kuykuyo Ne: littafin da ya san lissafin cefane

Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, ya fito tun 1990, amma duk macen da ta taɓa riƙe gida da kuɗin cefanen da bai kai ba za ta karanta shi kamar jiya aka rubuta. A ganina ya cancanci a nema a saya, duk da yana da rauni a wurare biyu da zan ambata.

A Kano labarin ya faru. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rumfar yadi, matarsa Rabi tana da 'ya'ya tara. Yana da hali, amma abin da yake bayarwa a gida bai isa ya ciyar da bakunan nan ba. Sai ya auro Delu, tsohuwar mai zaman kanta, rikici ya tashi tsakanin kishiyoyi, ya saki Rabi, ta fita da yaranta. Da sayar da abinci ta ɗauki nauyinsu.

Ƙarfin littafin yana nan, a wajen kuɗi. Marubuta da yawa sukan tsaya a kishi da kuka, ita kuwa ta bi sawun wanda ke fitar da kuɗin abinci da na makaranta. Wanda ya san gidajen da ake tuwo ko shinkafa da wake na sayarwa a cikin garin Sakkwato ya san yadda abin yake. Jari ƙarami ne, a auno shinkafa da safe, a sayi itace da mai da kayan miya, a ɗora tukunya kafin hantsi. Daga tukunyar nan yaran gida za su ci, daga ita kuma za a fitar da kuɗin awon gobe. Abu biyu ke karya sana'ar: bashin maƙwabta da kunya ke hana a bi, da rashin lafiyar yaro ɗaya da ke cinye jarin a kwana biyu. Mai karatun da ya san wannan zai gane nauyin da Rabi ta ɗauka.

Akwai kuma abin da ya kamata a tuna yayin karatu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, saki ba ya sauke wa uba ciyar da 'ya'yansa. Uwa ke da haƙƙin renonsu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, amma ci da sutura suna wuyan uba. Ke nan laifin Alhaji Abdu bai tsaya a rowa ba, wajibi ne ya yasar. Mu da muke garin da Shehu Usmanu ya tsawata wa maza kan barin mata cikin jahilci, Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su karantar da mata, bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba.

Rauni na farko shi ne Saudatu, babbar 'yar Rabi. Aurenta da attajiri Alhaji Abubakar ya zo da sauƙi ƙwarai, kamar ladabi kaɗai ke kawo mai kuɗi ƙofar gida. 'Yan matan da suka tashi a irin wannan gida sun fi yawan ƙarewa a talla. Na biyu Delu ce. An zana ta da mugunta zalla, ba a nuna mana abin da ya jefa ta cikin wannan rayuwa ba.

Wasu na ƙorafin cewa gobarar da ta cinye rumfar Alhaji Abdu dabarar marubuciya ce don a hukunta shi da gaggawa. Ban yarda ba. Wanda ya ga abin da gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta yi wa 'yan kasuwa a Janairun 2021 ya san dukiyar da ke rumfa guda dare ɗaya take tafiya.

Ƙarshen ne ke raba kan masu karatu. Bayan Alhaji Abdu ya talauce, Delu ta juya masa baya, dangi suka matsa wa Rabi ta koma. Kada a ɗauke shi a matsayin sulhu mai daɗi. Mace ce da ta tsaya da ƙafarta aka ɗora mata nauyin wanda ya wulaƙanta ta da sunan haƙuri, kuma marubuciyar ta bar mai karatu ya ji ɗacin abin.

Wajen saye a kula. Tsofaffin littattafan Hausa na kasuwa takardarsu ba ta da ƙarfi, sau da yawa shafuka kan ɓace daga tsakiya ko ƙarshe, don haka a bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya kafin a biya. Kwafin da ke yawo a WhatsApp kan zo a gutsure, marubuciya kuma ba ta samun ko sisi daga gare shi. Ga wanda ba ya jin Hausa akwai fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. In za a karanta shi a taron mata, gara a raba zama uku, a tsaya a sakin Rabi, sannan a auren Saudatu, a ware zama na ƙarshe ga muhawarar komawarta.