Hayar karafan daga Jidda zuwa duwatsun Asir: daɗinta da inda gizo ke saƙar

Idan zafin Jidda da Makka ya tsananta lokacin hutun makaranta, iyalai da yawa daga cikinmu sukan haura Ɗa'ifa ko Abha su sha iska. Yanzu wasu sun fara barin shuƙƙar haya (ɗakunan haya masu kayan ɗaki) suna ɗaukar karafan, wato motar nan mai gado, kicin da bayi a cikinta. Wadda za mu duba ita ce matsakaiciya mai wurin kwanan mutum shida, mai gado a saman kujerar direba, irin wadda masu haya suka fi bayarwa. Hukuncinmu a kanta shi ne: gida ce mai daɗi idan an riga an kai ta saman dutse, amma a hawa da gangara jidali ce, kuma masu haya ba su cika bayanin wannan ba lokacin miƙa makulli.

A fara da ƙirga. Gado shida ba ya nufin kujera shida mai bel. Akwai wadda ke kwantar da shida amma huɗu kaɗai take da wurin ɗaure su a tafiya. Maigida mai iyali bakwai ya ƙirga bel da hannunsa kafin ya sa hannu a takarda, kuma yaron da bai kai shekara 10 ba doka ta hana shi kujerar gaba. Sai nauyi. Lasisin ƙaramar mota iyakarsa tan uku da rabi, motar kuwa ko babu kowa a ciki ta cinye mafi yawan wannan. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 daidai yake da ƙaton mutum guda. Ƙara tukunyar gas, buhun shinkafa, katan ɗin ruwan sha da barguna, sai ka ga an wuce iyaka tun ba a bar unguwa ba. A bar tankin a kashi ɗaya bisa uku, a cika shi bayan an hau.

Hanyar da ta dace da ita ita ce ta Sail zuwa Ɗa'ifa, ba ta Hada ba. Ta Hada ta fi kusa, ta fi kyan gani, amma kwana ce a kan kwana kuma akan rufe ta idan hazo ko ruwa ya yi yawa. Daga Ɗa'ifa, mai tsayin kusan mita 1,800, sai a kama babbar hanya mai lamba 15 da ke bin doron duwatsun Sarawat: Baha, Baljurashi, Namas, Tanuma, har Abha. Zuwa Baha kilomita 200 da ɗoriya ne, daga can zuwa Abha 300 da ɗoriya. Kada lissafin lokacin tafiya na taswirar waya ya ruɗe ka. Da wannan mota a ƙara masa rabinsa, a kuma raba tafiyar kwana biyu ko uku. A nan karafan ke biyan kuɗinta. Uwargida ta dafa abin da yara suka saba ci, tsohuwa ta samu bayi a kusa, ana kuma iya yin alwala da ruwan ɗumi da asuba a dajin Ragadan na Baha, inda ake jin sanyi-sanyi ko a watan Yuli.

Inji yana rage ƙarfi a sama saboda ƙarancin iska. Wanda ba shi da turbo yakan yi asarar kusan kashi uku cikin ɗari a kowace mita 300, kenan a Suda, dutsen da ke kusa da Abha mai tsayin kusan mita 3,000, kusan kashi 30 ya tafi. Mai dizal da turbo ya fi jurewa, shi za a nema. A hawa mai tsawo a kashe na'urar sanyaya iska, ido na kan allurar zafi. In ta tashi, a tsaya gefe a bar injin yana aiki a hankali, kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Gangara ce ta fi haɗari. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, takalman birkin su ɗauki zafi har su daina kamawa, man birkin da ya tsufa ya sha danshi kuma ya tafasa a cikin bututu; sai ka taka ka ji feda ta nutse kamar ka taka soso. Maganinsa a sauko da giya ta biyu, ko ta ɗaya, tun kafin gangarar ta fara, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki. Warin ƙauri na nufin a tsaya a ba shi rabin awa. Tambayi mai haya yaushe aka sauya man birki. In ya fara kame-kame, nemi wata. Akabar Samma, hanyar gangaren dutse da ke sauka daga Suda zuwa ƙauyen Rijal Alma ba ta wannan mota ba ce ko kaɗan. A ajiye ta a sama, a ɗauki ƙaramar mota. Haka ma mai son ganin ƙauyen Zi Ain a ƙasan Baha.

Gandun shaƙatawa na ƙasa na Asir, wanda aka buɗe a 1981, shi ne na farko a Saudiyya, kuma ba ko'ina ake kwana a cikinsa ba. Kafa zango ba izini, ko hura wuta a inda ba a keɓe ba, kowanne tararsa na iya kai riyal 3,000. Ana kuma aikin gine-gine a Suda tun bayan sanar da babban shirin yawon buɗe ido a 2023, saboda haka a tabbatar wace hanya ce a buɗe kafin a nufi can. Gwaggon birai suna nan garke-garke. Taga ɗaya a buɗe ta ishe su kwashe burodin karin kumallo.

Cikin motar, firjin da ke aiki da gas ba ya sanyi in motar ta karkace, sai an sa katako ƙarƙashin taya an daidaita ta. Ruwa na tafasa a kusan digiri 90 a tsayin Suda, wake ba zai nuna da wuri ba, a zo da tukunyar matsi. Gawayi kuwa, ko na shayi ko na turaren wuta, kada ya kwana a ciki da ƙofa a rufe: hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci.

Inda hidimar ta fi rauni shi ne bayi. Akwatin da ke ƙarƙashinsa bai wuce lita 20 ba, iyali shida za su cika shi cikin kwana biyu, wuraren zubarwa na musamman kuma ba su da yawa a hanyar. Dole a roƙi mahaɗɗar mai (gidan mai) ko istiraha (wurin hutawar matafiya), da safar hannu da ruwan maganin da ke kashe wari. Ba a zubarwa a kwari.

Kafin karɓar mota a ɗauki hoton rufinta da gefunanta, a rubuta tsayinta a manna gaban sitiyari domin ta haura mita uku, a tabbatar tafwil ɗin tuƙi, wato izinin tuƙa motar, ya fito da sunan direba a Absher, manhajar gwamnati. A karanta iyakar kilomita ta kowace rana, a kuma tambaya ƙarara ko inshorar ta haɗa da kuɗin saɗaha, wato motar ɗaukar mota, idan motar ta mutu tsakanin Namas da Tanuma, don ƙaramar saɗaha ba ta ɗaukar mai wannan girma.