Koton roba a kogin Detroit: abin da na gani a watan Afrilu

Na daɗe ban yarda da koton roba ba. Ni tun tasowata koto na sani mai rai, tana ko ƙaramin kifi. Bana ne sanyi ya tilasta mini na gwada, kuma yanzu ban fita su ba tare da ƙunshinsa a aljihu ba.

Kogin Detroit shi ya raba jihar Mishigan ta Amurka da garin Windsor na Kanada. Da ƙanƙara ta narke, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, wani kifi da ake kira wolayi (walleye a Turance) kan hauro daga tafkin Erie domin zuba ƙwai, sai ka ga jirage reras a mashigar Trenton, wani reshe na kogin, tun da asuba. Ruwan yana da gudu, kifin kuma yana kwance can ƙasa. Don haka ƙugiya mai kan dalma ake saki har ta taɓa ƙasa, a ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, a sake mayar da ita, jirgi na tafiya daidai da ruwa don zare ya tsaya tsaye.

Koton robar da na saya shi ne mai suna Fin-S Fish mai inci 4, siriri mai wutsiya biyu. Abin da ya fara burge ni shi ne zamansa a ƙugiya. Ƙaramin kifi mai rai, bugu biyu uku a kan duwatsu ya fice, ka jawo zare, ka tsoma hannu cikin bokitin ruwan sanyi, yatsu sun ƙage ko ƙugiyar ba ka ji. Roba kuwa na soka shi sau ɗaya na kama kifi huɗu da shi. Duk lokacin da ake ɓatawa wajen sake koto, nawa zaren yana cikin ruwa.

Sai dai roba ba ya kamu da kansa, hannunka ne ransa. Ranar farko fizga nake yi da ƙarfi, ko taɓi ban samu ba. Wani dattijo da muke jirgi ɗaya ya nuna mini in sassauta: a ruwan sanyi kifin ba ya bin abu a guje, yawanci lokacin da koton ke sauka yake cafkewa. Kada zare ya yi sako-sako. Taɓin nasa ɗan "tak" ne kawai a sanda, wani lokaci ma nauyi za ka ji kamar ka kamo ciyawa. Da zaren saƙa, wanda ba ya miƙewa, na fi jin sa.

Launi ma na kula da shi. Idon wolayi yana gani sosai a duhu-duhu da gurɓataccen ruwa, shi ya sa yake sheƙi in haske ya doke shi. Bayan ruwan sama kogin ya yi laka, baƙi da kore mai haske suka yi mini aiki. Da ruwa ya washe, mai ruwan azurfa ya karɓa.

Kuskurena ɗaya, na haɗa da wani ƙunshi mai araha wanda ba zan ambaci sunansa ba. Cikin sanyi ya sandare, wutsiyar ta daina motsi, kifi ɗaya ya yaga shi. Araha ba ta ado.

Sau da yawa kuma na jawo na tarar da sawun haƙora a wutsiya, ƙugiya ba ta kai baki ba. Maganinsa ƙaramar ƙugiya mai baki uku da ake ɗaurawa a baya da guntun zare. Tun da na sa ta, rabin kamuna ita ce ta riƙe. Ka dai tafi da ma'auni, domin a ɓangaren Mishigan wanda bai kai inci 15 ba ruwa ake mayar da shi.