Hidimar Adahi: Yadda Naman Hadaya Ya Daina Ruɓewa a Mina

Duk wanda ya yi Hajjin tamattu'i ko ƙirani ya san akwai hadaya a kansa, sai fa idan bai sami hali ba, ya yi azumin kwana 3 a can da kwana 7 bayan ya koma gida. Abin da ba kowa yake tsayawa ya lissafa ba shi ne yawan dabbobin da wannan hukunci ɗaya yake tarawa wuri guda. A shekarar 2012 alhazai sun haura miliyan 3, a 2023 kuma sun kai kimanin miliyan 1.8, kuma akasarin masu zuwa daga wajen Saudiyya tamattu'i suke yi. Wato dubban ɗaruruwan raguna da awaki, ban da shanu da raƙuma, za a yanka su daga safiyar 10 ga Zulhijja zuwa ƙarshen kwanakin tashriƙi, a ƙasar da zafinta ya kai maki 51.8 a Makka lokacin Hajjin 2024. Na yi tawa hadayar ta hannun shirin Adahi, wanda yake yanka hadaya a madadin alhazai ya raba naman ga mabuƙata, kuma a nan ina auna shi ne ta fuska biyu: sauƙin da yake kawo wa alhaji, da nauyin da yake ɗauke wa muhalli.

Kwanakin tashriƙi kansu sun samo sunansu ne, kamar yadda malaman lugga da dama suka faɗa, daga shanya nama a rana. Mutanen farko suna yanyana naman su baza shi ya bushe, su yi guzuri da shi, saboda haka ɓarnar ba ta da yawa. Da jiragen sama suka ninka yawan alhazai, sai dabarar shanya ta kasa, kuma babu mai iya cinye abin da aka yanka. Wani dattijo da muka zauna tanti ɗaya da shi, wanda ya fara sauke farali tun kafin a kafa shirin, ya ba ni labarin abin da ya gani da idonsa. Na tambaye shi, “Baba Alhaji, to ina ake kai naman a lokacin?” Ya ce mutum ya yanka, ya yanki cinya ɗaya ko ma bai yanki komai ba, ya juya ya bar sauran, motocin ture ƙasa su zo su tura gawarwakin cikin rami su rufe, wari kuma ya bi mutum har cikin tantinsa. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne tunanin masu kwana da yunwa a duniya alhali ana binne abinci.

Gwamnatin Saudiyya ta kafa shirin a shekarar 1403 bayan Hijira, daidai da 1983, ta ɗora tafiyar da shi a kan Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. A kakar farko dabbobin da suka bi ta hannunsa kimanin 63,000 ne, daga baya adadin ya riƙa kusantar miliyan ɗaya a kaka guda. Tsarin a wajen alhaji mai sauƙi ne ƙwarai: zai biya kuɗin da riyal, ko ta intanet ko a wuraren sayar da takardar shaida, ya bayyana abin da yake nufi da yankan, hadaya ce ko fidya ko layya ko sadaka, ya wakilta shirin ya yanka a madadinsa. Aikin kuwa a manyan mayankun Mu'aisim ake yin sa, kusa da Mina, inda dubban mahauta suke aiki dare da rana, likitocin dabbobi suna duba lafiyar dabba kafin yanka da bayansa, masu sa ido na shari'a kuma suna duba shekarunta da kuɓutarta daga aibi. Daga nan sai fiɗa, sai ɗakunan sanyi, sai rabo ga matalautan Harami, ragowar kuma a aika ƙasashe fiye da 20 a Asiya da Afirka, bayan malamai sun ba da fatawar halaccin fitar da naman hadayar tamattu'i da ƙirani wajen Harami.

A ranar Idi, bayan na dawo daga jifan Jamra ta Aƙaba, ina zaune a tanti da haramina da ya sha ƙurar Muzdalifa, sai saƙo ya shigo wayata cewa an yanka hadayata. Ban taɓa wuƙa ba, ban ga ragon ba, kuma ba zan ɓoye cewa zuciyata ta ɗan yi kewar abin ba, domin akwai wani tsoron Allah da yake sauka ga mutum idan ya kwantar da dabba da hannunsa ya ambaci sunan Allah a kanta. Amma da na tuna labarin Baba Alhaji, sai na ga kewar tawa ƙarama ce. Suratul Hajji ta umarce mu da mu ci daga naman mu kuma ciyar da matalauci, ta kuma sanar da mu cewa naman da jinin ba su ne suke isa ga Allah ba, taƙawa ce take isa. Dabbar da aka yanka aka binne ta ba a cika umarnin ciyarwa a kanta ba, kuma wannan giɓin ne shirin ya toshe.

Ta fuskar muhalli, ribar ta fi yadda ake zato, domin rago ba a Mina yake fara cin albarkatun ƙasa ba. Ya yi watanni yana cin ciyawa yana shan ruwa a makiyayar da ruwanta ƙanƙani ne, an ɗora shi a mota zuwa tashar jirgin ruwa, jirgi ya ƙona mai ya tsallaka da shi Bahar Maliya daga wurare irin su Barbara ta gaɓar Somaliya ko tashoshin Sudan zuwa Jidda. Idan aka jefar da naman, duk wannan wahala ta tafi a banza, sannan gawar da aka rufe cikin rami tana ruɓewa ba tare da iska ba, ta riƙa fitar da iskar metan, wadda take riƙe zafi ninki kusan 28 na iskar kabon idan aka auna tsawon shekara 100. Ƙari a kan haka akwai ƙudaje da cututtuka a kwarin da mutane suke kwana kafaɗa da kafaɗa. Tara yankan wuri ɗaya a ƙarƙashin idon likitoci yana kuma rage haɗarin cutar da take tsallakowa daga dabba zuwa mutum, kuma Saudiyya ta san wannan haɗari sarai, tunda ɓarkewar zazzaɓin Rift Valley a shekarar 2000 ta sa ta dakatar da shigo da dabbobi daga yankin ƙahon Afirka na tsawon shekaru.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce shirin ya wanke yankan daga kowane nauyi. Daskarar da nama mai wannan yawa a tsakiyar zafin Hijaz yana cin wutar lantarki sosai, jigilarsa zuwa ƙasashe masu nisa kuma wani man ne ake ƙonawa, har ta kai dabba ta iya tsallaka teku da rai, namanta ya sake tsallakawa a daskare zuwa nahiyar da ta fito. Ruwan wanke mayanka shi ma ba arha ba ne, domin yawancin ruwan Makka daga teku ake tace shi, a tashoshi irin ta Shu'aiba, a turo shi ta bututu mai nisa. Jini da abin da ke cikin tumbi kuwa, idan suka shiga magudanar ruwa ba a tace su ba, suna shanye iskar da ke cikin ruwan. Wannan ne ya sa nake fatan a ƙara wa mai saye bayani. Da saƙon da ya sanar da ni an yi yankan zai sami na biyu bayan wasu watanni, mai faɗin ƙasar da naman ya je da abin da aka yi da fata da ƙashi da kayan ciki, da alhaji ya ƙara jin cewa ibadarsa tana da hanyar da ta bi har ƙarshenta.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin shirin, wanda na ga ya kamata in ambata domin a hanya ɗaya na gan su. Tun daga Arfa har Muzdalifa, gorunan ruwa na roba da ledoji da kwalayen abinci suna shimfiɗe a ƙasa, har ƙafa tana jin ƙarar gora a kowane taku, ma'aikatan tsafta kuma suna bin sawunmu da buhuna cikin rana mai ƙuna. Wannan sharar hannun alhaji ce ta zubar da ita, kuma babu wakilin da zai ɗauke masa ita. Gora ɗaya mai ƙarko da ake sake cikawa a famfunan da ke bakin hanya ta ishe ni duk kwanakin.

Ga mai shirin tafiya, shawarata ita ce ya biya ta hanyar shirin kai tsaye, ya adana takardar shaidarsa, ya tabbatar ya rubuta lambar wayar da za ta yi aiki a Mina. Zai haɗu da dillalai masu tayin yanka da rahusa, kuma hukumomin Saudiyya sun sha gargaɗi a kan masu karɓar kuɗin hadaya ba da izini ba. Rangwamen yana jan hankali, musamman ga wanda guzurinsa ya yi ƙasa, amma ba shi da hanyar tabbatar da an yanka, ko dabbar ta cika sharaɗi, ko naman ya isa bakin mai buƙata. Wanda mazhabarsa ta tsananta kan jeranta jifa da yanka da aski ya tambayi malamin tawagarsa tun kafin ranar, ya kuma jira saƙon kafin ya kira mai aski. Ni haka na yi, kuma idan Allah ya sake kira na, ta wannan hanyar zan sake yin hadayata.