Daidaita Shekaru Wajen Kwatanta Mace-mace: Kai-tsaye Ko Ta Zagaye?

Ɗaliban kiwon lafiyar al'umma a Jami'ar Ahmadu Bello sun sha tambaya: in za a kwatanta mace-mace a Samaru mai yawan matasa da wata unguwar da tsofaffi suka fi yawa, wace hanya za a bi? Ɗanyen adadi, wato jimillar mamata a kan jimillar jama'a ba tare da duba shekaru ba, yaudara ne, domin unguwar tsofaffi za ta fito kamar ta fi rashin lafiya. Shi ya sa ake daidaita shekaru, ta hanyar kai-tsaye ko ta zagaye.

A hanyar kai-tsaye, ana fitar da ƙimar mutuwa (mamata nawa cikin mutum nawa) ta kowane rukunin shekaru (0–4, 5–9, har sama), a ninka ta da kason wannan rukuni a cikin jama'ar ma'auni guda, wato tsayayyen tsarin shekaru da ake auna kowa da shi, kamar wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001, sannan a tara. Sakamakon yana kwatantuwa da na ko'ina da aka yi amfani da ma'auni iri ɗaya. Matsalarta: sai an san shekarun kowane mamaci, alhali mutane da yawa kintace suke yi, su ce 60 ko 70. Kuma in rukuni yana da mamata biyu kacal, ƙarin ɗaya ya karkatar da lissafin.

Ta zagaye kuwa jimillar mamata da tsarin shekarun masu rai kawai take nema. A ari ƙimar mutuwa ta kowane rukunin shekaru daga wata babbar al'umma, a ninka ta da yawan masu rai na rukunin a unguwar, a tara don samun mutuwar da ake tsammani, a raba wadda aka gani da ita. In an ga 120 ana tsammanin 100, sakamakon 1.2 ne, wato mutuwa ta haura tsammani da kashi 20 cikin ɗari. Sai dai jera irin waɗannan sakamako na unguwanni daban-daban kuskure ne, tunda kowanne da nasa tsarin shekaru aka auna shi.

Mai kwatanta jihohi da cikakkun bayanai, kai-tsaye ta dace da shi. Mai nazarin gunduma ɗaya ko ma'aikatan masana'anta, ta zagaye ta fi masa.