Ƙwallon taswirar duniya da na sayo a Yamai: ra'ayin malamin aji

Labarin ƙasa nake koyarwa a Tawa, kuma ba darasin da ke ba ni wuya kamar na kwararar ruwan teku. Yaron da tabkin Tabalak ne babban ruwan da ya taɓa gani, ta ina za ka fara gaya masa cewa a cikin teku akwai koguna masu tafiya, wasu da ɗumi wasu da sanyi? Shi ya sa da na je Yamai na sayi ƙwallon taswira a wani shagon littattafai kusa da Babbar Kasuwa, jika goma sha biyar bayan ciniki. An zana masa kibau, ja na ruwan ɗumi, shuɗi na ruwan sanyi.

Inda ya biya kuɗinsa shi ne can ƙasa. A taswirar bango, ruwan da ke zagaye Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, layi ne kawai a miƙe a gindin takarda. A ƙwallo kuwa sai in kifa shi, yaro ya ɗora yatsa ya bi kibiyar daga yamma zuwa gabas har ya dawo inda ya tashi, ba wata ƙasa da ta tare shi. Ya ga matsatsin Drake, mai faɗin kusan kilomita 800, tsakanin Kudancin Amurka da Antatika. Ruwan da ke wucewa nan a daƙiƙa ɗaya ya haura mita-kubik miliyan 100, ya ninka na duk kogunan duniya nesa ba kusa ba. Daga nan kibau shuɗɗa biyu suke haurowa arewa: Humboldt a gaɓar Chile da Peru, Benguela a gaɓar Namibiya. Sai in nuna musu hamadar Atakama da ta Namib a gefensu, don ruwan sanyi ba ya tada hadari. Ɗan Adar, yankinmu na Tawa, ba ya bukatar dogon bayani a kan rashin ruwan sama.

Amma akwai abin da ƙwallon ya kasa, kuma yana damuna, don shi ne zuciyar darasin. Saman ruwa kaɗai yake nunawa. Arzikin kifin waɗannan gaɓoɓi daga ƙasa yake tasowa: iska ta kore ruwan sama daga gaɓa, mai sanyi na ƙasa ya hauro da abinci, ƙananan tsirrai su yi yawa, kifi ya biyo. Haka ake yi a gaɓar Muritaniya da Senegal ma. Idan ruwan ɗumi ya danne wannan hauhawa, masunta ke shan wuya, kamar a Peru a 1972, lokacin da El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun da ke gaɓar, da yawan kamu suka durƙusar da sana'ar ƙaramin kifin anchoveta. Wannan sai na koma allo da alli.

Rubutun ƙwallon da Faransanci ne, haruffan ƙanana ƙwarai, na bayan aji ba sa gani. Gindin roba ne marar ƙwari, ƙurar hunturu kuma tana maƙale wa sandar juyawa, dole a riƙa rufe shi da zane.

Malamai 'yan uwa, ku saya, amma ku nemi babba, kuma ku kifa shi tun a shago ku duba, don na ga wasu da aka liƙa tambarin kamfani a kan Antatika.